Maƙwabciyata ta roƙe ni kada mu yanke ciyawa a watan Mayu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema. Bara muka kama hayar gida a Manchester ta Ingila, da ɗan fili mai ciyawa a baya. Jiya maigidana ya fito da injin yanka, sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai kirki, ta leƙo ta kan shinge ta roƙe mu mu ƙyale ciyawar har ƙarshen Mayu saboda ƙudan zuma. Ni a Kano na tashi, tsakar gida kullum a share, doguwar ciyawa kuwa gidan maciji ce. Yarana biyu a filin suke wasa, kuma takardar haya ta ce mu riƙa gyara shi. Ba na son in ɓata wa baiwar Allah nan rai. Yaya zan yi?

Wata 'yar'uwa daga Leeds:
Wa alaikumus salam. Yaya, shekarata uku ina yi. Sunansa No Mow May, wato kada a yi yanka a Mayu, ƙungiyar kare tsirran daji mai suna Plantlife ce ta fara shi a 2019. Dalilinsu shi ne tun daga shekarun 1930 ƙasar nan ta rasa kusan kashi 97 cikin 100 na filayen furannin daji. Ƙwarin da suka farko daga sanyi da yunwa sai su tarar da ciyawa an aske ta ƙwal, babu abin tsotsa. Da kin ɗaga wa filin ƙafa, furen nan rawaya da suke kira dandelion zai fito, da fararen ƙanana, daga baya kuloba, wani ɗan tsiro mai ganye uku-uku. Wallahi shekarar farko na sha zama a bakin ƙofa da shayina ina kallon manyan ƙudan nan masu gashi, ban taɓa sanin suna zuwa gidana ba.

Ba dole ki bar shi duka ba. Ki yanke tsakiya inda yara ke wasa, ki bar gefen shinge. Idan Yuni ya zo kada a aske lokaci guda, a ɗaga bakin injin a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. A kwashe yankakkiyar ciyawar kuma, don furannin daji sun fi son ƙasar da ba ta da taki da yawa. Kafin a kunna inji a zagaya a duba, bushiya da kwaɗi kan ɓuya a ciki.

Wani ɗan'uwa daga Birmingham:
Hajiya, ki fara da mai gidan da ya ba ku haya. Ki rubuta masa saƙo, ki ajiye amsarsa. Kada ku yi asarar kuɗin ajiyar da kuka bayar lokacin kama haya.

Wata 'yar'uwa daga Landan:
Ni dai ban goyi baya ba in akwai mai asma ko mai atishawar bazara a gidan. Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli ciyawa ke fitar da garinta, ɗana ya wahala sosai. Sannan akwai kaska a doguwar ciyawa, ki riƙa duba ƙafafun yara da yamma. Maganar maciji kuwa ki kwantar da hankalinki, mai dafi iri ɗaya ne tak a ƙasar nan, kuma a daji da fako yake zama, da wuya a gan shi a bayan gida cikin gari.

Wani dattijo daga Zariya:
'Yata, ni ban san Ingila ba, amma na san zuma. Mahaifina amya yake ɗaurawa a kan ɗorawa. Kabewa da kankana ba sa 'ya'ya yadda ya kamata sai ƙuda ya ɗauki garin fure daga wannan ya kai wa wancan. In mai gida ya yarda, ki bar musu ɗan gefe. Ga hakkin maƙwabtaka ma.

Mai tambaya:
Na gode Baba, na gode 'yan'uwa, Allah Ya saka da alheri. Babu mai asma a gidanmu. Mai gidan ya amsa ɗazu, ya ce ba komai muddin gaban gida a gyare yake. Mun yanke tsakiya, mun bar kamar taku biyu a jikin shingen dattijuwar. Gobe za ta shigo ta nuna wa yaran sunayen furannin.