Gafakar da Baba Bai Gama Ba

Babban ɗansa, daga Marwa:

Assalamu alaikum. Jiya aka yi sadakar arba'in ta mahaifinmu, baduku a bakin kasuwar Marwa, a arewacin Kamaru. Yau na buɗe shagonsa karon farko tun rasuwarsa, sai na tarar da gafaka a kan buzu, ya ɗinke gefe uku, basilla tana soke a na huɗu. Na kasa taɓa ta. Wanda ya san shi ya amsa mini, a riƙe harafin "wa".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba da rai kuma Mai karɓewa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Sannan in yi kukan Baban Marwa.

Tun assalatu ya riga mu tashi,
Ya yi alwala, carbi a hannun shi,
Ya buga ƙofa, kowa ya ji shi:
"Ku tashi, barci ba ya ƙarewa."

Ya sha kununsa, ya ɗau basilla,
Inuwar darbejiya, sai bismilla,
Ba ya ɗagowa sai an kira salla,
Ko ana ciniki, shi ke wucewa.

Mu tara ya raina da ɗinkin fata,
Maza da mata duk makaranta,
Bai taɓa bari mun kai buƙata
Ƙofar wani ba, har ran rabuwa.

Yau ga gafaka, uku an ɗinke,
Basilla a na huɗu tana soke,
Ni ko alli hannuna ya riƙe,
Wa zai gama ta, nake tambayawa?

Amininsa majemi (jikansa ke rubuta masa):

Ɗana, Allah ya ba ku haƙuri, ya jiƙan ubanku. Ido ya yi rauni, amma baki bai mutu ba.

Ɗana, ka taɓo mini ɗanyen miki,
Ni ke jeme fata, shi ke ɗinki,
Toka da bagaruwa su ne aiki,
Warin majema bai sa shi gujewa.

Yakan ɗaga fata ya dubi rana,
In ya ga huda, ya ce, "Aminina,
Wannan ta takalmi ce a wurina,
Littafin Allah ba ta rufewa."

Jan karan dafi, baƙin kuloko,
Shi ke haɗa su da kansa tun farko,
Ɗinkinsa kowa ya san shi da ƙarko,
Fata ta tsufa, ba ya warwarewa.

Abu ɗaya ya ƙi shiga waƙa, bari in faɗe shi haka. A watan Janairun 1994 da aka karya sefa, kuɗin ƙasarmu, darajarta ta rabu biyu dare ɗaya, ina bin sa kuɗin fatun awaki. Kaya suka yi tashin gwauron zabi, kowa na ta kansa. Sai ga shi da kuɗina har da ƙari. Na ce ba mu yi haka da kai ba. Ya ce ai ba sharaɗi ba ne, shi ya ga dama, don abin da kuɗin ke saye ran da ya ɗauki fata ba shi suke saye yau ba. Na ƙi karɓa, ya ajiye a kan turmi ya yi tafiyarsa. Ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

'Yarsa, daga Njamena (hayin kogin Logon, daura da garin Kusuri):

Baffa, ka sa ni kuka. Ni ban iya ƙwar huɗu ba, ga tawa biyu-biyu. Lokacin da nake nufi a waƙar shi ne bayan sace wasu Faransawa kusa da gandun dajin Waza a 2013, da masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, sannan ga bama-baman Yulin 2015 a cikin Marwa.

Yaya, ka faɗi safiyar Baba,
Ni darensa nake tunawa.

Jakunkuna sun yi ƙura a rataye,
Mako guda ba mai tayawa.

Ya koma facin silifa a ƙasa,
Bai ji kunyar durƙusawa.

Ya shigo da dawa ƙulle a leda,
Ya ce wa Inna, "Na ci a kasuwa."

Na leƙa zaure, ruwa ne a moɗa,
Shi ne tuwonsa, bai gaya wa kowa.

Ran da aka kai ni hayin Logon,
Har Kusuri ya zo rakowa.

Ya ce, "Riƙe salla, riƙe zumunci,"
Ya juya, hawaye na zubowa.

Yaya, don Allah kada a gama gafakar nan. A rataye ta a ɗakin Inna yadda ya bar ta.

Yaron shagonsa na dā, daga Garwa:

Ƙanwata, haƙuri, ni ban yarda ba,
Maigida bai koya mana haka ba,
Bai taɓa rataye aiki rabi ba,
Sai yau da kira ya zo ba tsayawa.

Ina ɗan yaro aka kai ni gunsa,
Shekara guda ina shafe fatunsa,
Kafin ya bar ni in taɓa zarensa,
In na karkace, sai sake somawa.

Gafaka ba ya sa mata farashi,
Yaron da ya sauke, shi yake ba shi,
Wannan da mai ita, ku je ku nemo shi,
Na rantse saukarsa tana matsowa.

Yaya, ranar Lahadi zan shigo mota, in kwana gida, Litinin ranar kasuwa in buɗe shagon in Allah ya yarda. Kada kowa ya zare basillar.

Babban ɗansa:

Ka yi gaskiya, ƙanena. Bayan la'asar na je wurin malamin makarantar allo ta unguwarmu. Ya ce akwai wani maraya da ya shiga Baƙara, Baba ya zo da kansa ya auna Alƙur'anin yaron da zare kafin ciwo ya kwantar da shi. Yaron bai ma sani ba.

Ƙanwata, kin ji, da mai ita a raye,
Ɗan maraya ne, allo a rungume,
Inna ta ce a ba shi, ta amince,
Ke kaɗai muke jira ki yi cewa.

'Yarsa:

Na yarda, Yaya, a kai wa yaron,
Amma da roƙo guda nake zuwa:

Gefen na huɗu a sa jan zare,
In ga inda hannun Baba ya yi tsayawa.

Yaron shagonsa:

Akwai ja a gwangwaninsa na hagu, ƙarƙashin almakashi, in ba a taɓa ba. Yaya, ka duba mini kafin in taso.