Neman shawara: gawayi, itace, kananzir ko gas, wanne ya fi zafi?

Maman yara: Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah ku bani shawara. Sanyi ya shigo kuma surukata tsohuwa ce bata jure shi ko kaɗan, da asuba hannunta har rawa yake ta kasa riƙe kofi, shine muke so mu riƙa ɗumama mata ɗaki. Maigida yace gawayi ya fi komai ƙarfi ni kuma ina ganin gas ne, wai in aka auna su daidai wanne ya fi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. In awo ɗaya za a yi gas ne a gaba, kilo 1 ɗinsa ya kai kusan yunit 13 na lantarki, yunit ɗaya kuwa shine hita mai wat 1000 ta yi awa guda a kunne. Kananzir lita 1 wajen yunit 10, gawayi kilo 1 wajen 8, busasshen itace kuma 4 kacal. Amma wannan abin da ke cikinsu ne fa, wutar da aka hura a buɗe yawancin zafinta hayaƙi yake bi ya fice.

Kawu: Kuma wannan 4 ɗin sai icen ya bushe ƙarau. Ɗanye kusan rabinsa ruwa ne, zaki ji yana tsuwwa kumfa na fitowa ta bakinsa, wutar sai ta gama ƙafar da ruwan tukuna, zafin da zaki samu bai wuce rabi ba ga hayaƙi ya cika ido.

Anti nas: Ni gawayin nan ne ya tayar min da hankali wallahi. Dan girman Allah kar ku sa mata shi a ɗaki ku rufe ƙofa, yana fitar da iskar kabon monoksaid wadda bata da wari bata da kala, ciwon kai da jiri take fara sawa daga nan mutum ya wuce cikin barci, tsofaffi da jarirai ta fi saurin kayarwa. Hitar gas da ta kananzir ma sai an bar taga a ɗan buɗe, kuma ba a kwana da su a kunne.

Maman yara: Innalillahi, wallahi ban san haka ba Anti. To hitar lantarki fa?

Injiniya: In kuna samun wuta ita zaki saya mata Hajiya, kusan duk abin da ta ja zafi yake zama a ɗakin kuma ba hayaƙi. Ki dai nisanta ta da labule da bargo kamar mita 1, ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango.