James Shields: Manomi Ne Ko Lauya?

Malam Ɗanjuma: Jama'a, abin nan yana ci min rai. Duk inda aka ambaci James Shields, ɗan siyasar Amurka, sai a kawo rigimarsa ta 1842 da Abraham Lincoln, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, shi ke nan. An manta manomi ne ɗan Ailan, haifaffen Tyrone, da aka zaɓo daga gonarsa a Carrollton zuwa majalisar jihar Missouri a 1874.

Hajiya Rabi: Manomi kuma? Haba Malam. Lauya ne a Kaskaskia, da lauyancin ya shiga majalisar Illinois a 1836, har alƙalanci ya yi a kotun ƙolin jihar. Carrollton sai 1866, bayan an daɗe ana kiransa Janar.

Sule: Hajiya, to Minnesota fa? A 1855 ya jawo 'yan Ailan suka kama fili, garin Shieldsville yana nan har gobe. Dokar mallakar fili ta Amurka ta 1841 ta ce ka zauna a filin, ka gina gida, ka gyara shi, sannan ka biya dala 1.25 kowace eka, iyakarka eka 160, wato dala 200. Baƙo kuma sai ya rubuta a kotu cewa yana son zama ɗan ƙasa. Inda ake faɗuwa shi ne ranar biya: amfani bai zo ba, a ci bashi mai ruwa, kuɗi ya yi wuya kamar a 1857, filin ya koma hannun mai bashi.

Hajiya Rabi: Raba fili daban, riƙe garma daban. Wannan ai dillanci ne.

Sule: Ku lauyoyi dama ba ku son a ce mai kaushin hannu ya yi doka.

Kawu Iro: Ku bar garmar nan. Takardar ɗan ƙasa ce ta kayar da shi. A 1840 ya samu, aka zaɓe shi sanata a 1849, majalisar dattawan Amurka ta soke zaɓen don shekara 9 da ake buƙata sanata ya yi yana ɗan ƙasa ba ta cika ba. Da ta cika, Illinois ta sake tura shi.

Sule: Kawu, 'yan adawa ne suka tono maganar don baƙo ne.

Kawu Iro: Tsarin mulki ne ya gindaya sharaɗin, yaro. Je ka karanta.

Malam Ɗanjuma: Na rufe zaren. Abin da aka tsayar shi ne Shields ya yi noma a jihohi biyu, kuma daga gona ya tafi majalisar Missouri. Hajiya ba ta kawo abin da ya rushe wannan ba.

Hajiya Rabi: Wa ya tsayar? Malam, kai kaɗai ka tsayar.