Waɗanne itatuwan romo ya kamata a sayo mini daga Guangzhou?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena zai tafi Guangzhou saro kaya a ƙarshen wata, kuma ina so ya sayo mini irin saiwoyi da busassun 'ya'yan itatuwan da Sinawa ke zubawa a romo don ƙara ƙarfin jiki, domin mahaifinmu bai daɗe da tashi daga jinya ba, ga shi hunturu ya ƙarato. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su ba ni shawara.

Malam Sani: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kowane yanki na ƙasar Sin yana girki ne gwargwadon yanayinsa, kuma tunda sanyi ake gudu, girkin arewa maso yamma zai fi dacewa da ku, inda Musulmi 'yan ƙabilar Hui suke da yawa, naman rago kuma shi ne kan gaba. Akwai romon rago da ɗanyar citta da wata saiwa mai suna danggui, wanda likita Zhang Zhongjing ya rubuta tun ƙarshen daular Han, wajen shekara ta 200 miladiyya, don masu ciwon ciki na sanyi da matan da suka haihu. Danggui mafi suna daga gundumar Min ta lardin Gansu take fitowa. Yadda nake yi a gida shi ne rabin kilo na nama, giram 15 na saiwar, da citta mai ɗan yawa, a fara tafasa naman a zubar da ruwan farko, sannan a mayar a kan wuta kaɗan-kaɗan har kusan awa 2. Ƙamshinta yana da ƙarfi, kuma idan aka zarce ma'auni romon zai yi ɗaci. A haɗo da jajayen 'ya'yan goji na Zhongning da ke Ningxia, waɗanda ake zubawa dab da saukewa, da jan dabinon Sin na Xinjiang, wanda a gaskiya ɗan'uwan magaryarmu ne, sai dai ya fi ta girma da tsoka.

Alhaji Garba: Maganar Malam gaskiya ce, amma kada a raina mutanen Guangdong, lardin da birnin Guangzhou yake ciki, don a harkar romo babu wanda ya kai su haƙuri. Suna ɗora tukunyar ƙasa ta yi awa 3 ko 4 tana dahuwa a hankali, kuma uwar gida tana sauya kayan haɗi da sauyawar lokacin shekara. Da yake yankinsu na zafi ne da laima, yawancin abin da suke sha don sanyaya jiki ne, irin baƙin shayin ganye mai ɗaci da suke kira liangcha, wanda ba shi Baba ke bukata yanzu ba. Wanda zan ba da shawara shi ne romon kaza da saiwar huangqi da busasshiyar doyar Sin. Duk waɗannan ana samunsu a kasuwar Qingping da ke unguwar Liwan a Guangzhou. Sai dai ki gargaɗi ƙanenki cewa romon gidajen abinci na gari galibi da ƙashin alade ake yinsa, wasu kuma ana zuba giyar shinkafa, don haka ya nemi wuraren da ke da alamar halal, wato Qingzhen, waɗanda suke da yawa a Xiaobei inda 'yan kasuwarmu ke sauka.

Hajiya Rabi: Na gode Alhaji. Shin giyar nan dole ce a romon ragon?

Malam Sani: Ba dole ba ce Hajiya, ƙarni kawai take kashewa, kuma citta tana yin wannan aikin. Ga mai son abin sha, Hui suna da shayi mai kayan haɗi takwas, wanda ake zuba wa goji da jan dabino da riɗi da zabibi da dunƙulen sukari, amma mai ciwon sukari ya yi hankali da shi.

Malama Hadiza: Ni sha'awata tukunyar lardin Yunnan ce, ta yumɓun garin Jianshui mai bututu a tsakiya. Ba a zuba mata ruwa ko kaɗan, tururin da ke hawowa ta bututun ne yake zama romon kazar, kuma sukan sa saiwar sanqi ta Wenshan. Tana da nauyi kuma tana fashewa, shi ya sa ban cika sa ɗan aike ya ɗauko ta ba.

Binta mai haɗa magunguna: Hajiya, kafin a sayi komai ina so ki duba magungunan da aka sallamo Baba da su. Idan yana shan warfarin ko wani maganin hana daskarewar jini, to danggui da goji da sanqi duka suna iya ƙara haɗarin zubar jini, kuma sai likitansa ya amince. Saiwar gancao mai zaƙi, wadda ake yawan cusawa cikin ƙullin kayan romo da aka riga aka haɗa, tana tayar da hawan jini idan aka daɗe ana sha. Saboda haka na fi son a sayi kowane abu daban da sunansa a rubuce, maimakon ƙullin da ba a san abin da ke ciki ba. A farkon shekarun 1990 mata da yawa a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan an musanya wata saiwa da wata mai guba a maganin rage ƙiba. Saiwar fuzi da caowu kuwa kada ma a kusance su, don a Yunnan ɗin kanta sun sha kashe mutanen da suka dafa su da nama.

Alhaji Garba: Ƙari a kan maganar Binta, wasu masu sayarwa suna turara goji da farar wuta don ya yi kyan gani. Ya guji wanda jansa ke ƙyalli da yawa ko yake da wari mai tsami, ya zaɓi mai duhun ja da ya bushe sosai, a rufaffen ƙunshi mai ɗauke da ranar da aka shirya shi.