Kokatil ɗina tana ta saka ƙwai alhali ba namiji, yaya zan yi ta daina?

Maman Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Tsuntsuwata kokatil ce, wato wani ƙaramin nau'in aku, mace, mai ruwan toka, shekararta biyu, ita kaɗai ce a keji. Tun shigowar damina take saka ƙwai a ƙasan keji, ina kwashewa tana sake sakawa. Yanzu ta rame, ta kuma soma cizo. Abincinta gero ne da 'ya'yan sanfulawa, kejin yana falo. Masu sani ku taimaka.

Malam Bala, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam Maman Sadiya. Abu na farko, ki daina kwashe ƙwan. Kokatil ba ta tsayawa sai ta ga sheƙarta ta cika, wato ƙwai 4 zuwa 7, tana saka ɗaya ta tsallake kwana ɗaya. Duk wanda kika ɗauke sai jikinta ya ƙera wani ya maye gurbinsa, kuma ɓawon kowane ƙwai daga kalsiyam ɗin ƙashinta yake fitowa. Ramar ke nan. Ki bar mata su ta yi kwanci. Ƙwansu yana ƙyanƙyashewa ne cikin kwana 18 zuwa 21, nata kuwa ba za su ƙyanƙyashe ba tunda ba namiji, don haka bayan kamar mako uku za ta gaji ta tashi da kanta, sannan ki riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Idan wani ya fashe ki cire shi nan take, don zafin Legas ba ya barin fasasshen ƙwai ya kwana lafiya, ki ajiye na roba mai girmansa a wurin.

Sai dalilin da ya sa take haka. Asalin wannan tsuntsu ƙasar Ostireliya ce, can tsakiyarta inda fari ya yi yawa. A daji garke-garke suke yawo suna bin ruwa, suna sauka ƙasa suna tsintar 'ya'yan ciyawa. Galibi sai ruwan sama ya sauka, ciyawa ta yi 'ya'ya, sannan su nemi kogon bishiya kusa da ruwa su yi sheƙa. Da rani ya dawo, jiki ya huta. To ki dubi falonki: kwano cike da tsaba kullum, danshi a iska kusan duk shekara, ƙwan lantarki da talabijin har sha ɗayan dare. A wajenta damina ce da ba ta ƙarewa.

Gyaran shi ne ki janye waɗannan alamu. Ta samu duhu da shiru na awa 12 zuwa 14 kowane dare, misali daga magariba zuwa ƙarfe takwas na safe, a ɗakin da ba a kunna wuta. Ki fitar da madubi, da kwali, da duk wani lungu mai duhu da za ta ɗauka kogo ne, har ƙarƙashin kujera idan kina sakin ta. Shafa kuma a kai da wuya kawai. Shafa bayanta ko ƙarƙashin fiffike, a wajenta aikin namiji ne, kuma yara su suka fi yin wannan. Bayan ta tashi daga kwanci, ki sauya wa kejin wuri ki canza tsarin sandunan ciki.

Hajiya Binta, Obalende:
Na yarda da Malam Bala, amma abincin nan ya fi tsaya mini a rai, ƙanwata. Gero da sanfulawa zalla ba su da isasshen kalsiyam, ba su da bitamin A, sanfulawa kuma maiƙo ne. Abincinta na yini bai wuce cokalin cin abinci ɗaya da rabi zuwa biyu ba. A ciki ki mayar da sanfulawa 'yan ƙwayoyi kaɗan. Ki ƙara ganye a yanka ƙanana: zogale, ugu, da karas a goge. Alayyafo kada ya yi yawa, yana rage wa jiki amfanin kalsiyam. Ki kwashe ragowar ganye bayan awa biyu ko uku kafin ya lalace. Idan kin samu dunƙulallen abincin aku da ake sayarwa a shagunan dabbobin gida, ki riƙa gauraya shi a hankali cikin makonni. Kada ki sauya dare ɗaya, don kokatil tana iya zama da yunwa a gaban abincin da ba ta sani ba.

Ki rataye mata farin ƙashin kifin teku da masu tsuntsaye ke sayarwa. In babu, ki tafasa ɓawon ƙwan kaza minti 10, ki shanya, ki daka shi ya yi laushi, ki barbaɗa ɗan tsunkule a kan abinci sau biyu ko uku a mako. Kuma kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D, shi kuwa daga hasken rana yake, wanda bai ratso gilashi ba. Minti 20 zuwa 30 na hantsi ya isa, rabin kejin yana inuwa.

Tsaba ki sayi ta mako biyu ko uku kawai, ki rufe a mazubi mai murfi. Danshin garin nan yana sa ta fumfuna, kuma fumfuna tana kama musu huhu. Gyaɗa ma ki bar ta saboda haka. Fiya, cakulan, albasa da kofi guba ne gare ta.

Abu Yasir, Mile 12:
Akwai inda zan ɗan ja da Malam Bala. Duhu eh, amma ba baƙi ƙirin ba. Kokatil ta yi suna wajen firgitar dare: ɓera ya gifta, ko fitilar mota ta haska bango, ko a kawo wuta fanka ta tashi, sai ta zabura sama kamar yadda take yi a fili, ta yi ta bugun ƙarfen keji. A bar 'yar fitilar caji mai rauni a nesa, a rufe ɓangare uku na kejin da zane marar kauri, gaba a buɗe don iska. Bargo kam a'a. Idan kin ga ta buɗe baki tana haki, fikafikai a ware, zafi ya yi mata yawa.

Idan ta karya sabon gashi mai jini, ki danna wurin da garin masara ko fulawa na 'yan mintuna. Nauyinta giram 80 zuwa 100 ne, jinin jikinta duka bai wuce cokalin shayi biyu ba, don haka ɗigon da bai tsaya ba na likita ne. Kuma ɗakin da za ta kwana ya zama ba maganin sauro na hayaƙi ko na feshi, ba turaren wuta, kuma nesa da janareta. Kaskon suya marar kamu idan ya ƙone, tururinsa yana kashe su cikin mintuna.

Maman Sadiya, Agege:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya: kashinta ya zama manya-manya mai wari. Ciwo ne?

Malam Bala, Idi-Araba:
Ba ciwo ba ne, mai kwanci tana riƙe kashi ne ta yi shi gaba ɗaya idan ta tashi. Abin tsoro shi ne ƙwai ya maƙale. Alamarsa: ta zauna a ƙasa gashi a tashe, tana yunƙuri, jela tana sama da ƙasa da numfashi, mara ta kumbura, ƙafa ta yi sanyi ko kashi ya tsaya. In kin ga haka kada ki matsa cikin, kada ki ɗura mai, ƙwan zai iya fashewa a ciki. Ki sa ta a ƙaramin kwali mai ɗumi, kamar digiri 29 zuwa 32, da ruwa kusa da bakinta, ki kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Ki nemi lambar wanda ke duba tsuntsaye tun yanzu, ki san hanyar, saboda cunkoso. Idan kuma bayan duk gyaran nan ta wuce zubin ƙwai biyu a shekara, wato cika sheƙa sau biyu, ki tambaye shi allurar dakatar da ƙwai. Ki riƙa auna ta a sikelin kicin kowane mako da safe kafin ta ci. In ta sauke giram 8 zuwa 10, ki kai ta ko da tana cin abinci.