Shawarwari Kan Matasan Najeriya da Kafofin Sada Zumunta

A wata tattaunawa da ta haɗa iyaye da malaman makaranta da wasu matasa, abin da aka fi daɗewa a kansa shi ne yadda waya ta rage zumuncin ƙafa. Wata uwa ta kawo misalin yaron da zai tarar da baƙi a gida ya gaishe su idonsa na kan TikTok, ko ya aika ta'aziyya ta WhatsApp ga maƙwabcin da katanga kaɗai ta raba su. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce a ware lokacin ajiye waya, musamman lokacin cin abinci da kuma kafin barci, kuma iyaye su fara da kansu, domin da wuya yaro ya bi dokar da mai kafa ta yake karyawa.

Malamai sun ja hankali kan gasar nuna dukiya a Instagram, wadda a ganinsu take ingiza wasu samari zuwa damfara, suka nemi a sanar da ɗalibai cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan damfara ta intanet.

Matasan kuwa sun ƙi yarda a ɗora wa kafofin dukkan laifi, kuma ina ganin suna da hujja, tunda ta Twitter aka fi yaɗa zanga-zangar EndSARS, ta neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS, a Oktoban 2020, kuma da yawansu ta nan suke tallata sana'o'insu. Sun roƙi manya su koya musu tantance labari kafin turawa, maimakon ƙwace musu waya.