Ina son mayar da tsohon keke mai ƙafa uku injin feshi da watsa taki, wa ya taɓa gwadawa?

Mai_Ciyawa_KD:
Salam 'yan uwa, don Allah masu walda da masu ilimin noma ku zo ku ba ni shawara. Ni a Kaduna nake, sana'ata kula da ciyawa, ina da kwangilar filayen ƙwallo guda biyu na makarantu da kuma wasu gidaje masu harabar ciyawa. Matsalata feshi da taki. Injin goyo mai lita 16 muke amfani da shi, fili ɗaya sai yaro ya cika shi sama da sau goma, kafin ya kai rabi kafaɗarsa ta mutu ya fara sauri, wani wuri magani ya yi yawa wani wuri bai samu ba. Taki kuma da hannu muke watsawa, bayan sati biyu sai ka ga fili ya yi zane-zane, nan kore shar nan ja, inda yuriya ta taru kuma ta ƙone ciyawar, wallahi abin yana min ciwo saboda aikina ne mutane ke gani.

Na ga irin wanda 'yan Amurka ke hawa, Z-Spray da PermaGreen, mutum na tsaye a kai yana feshi yana watsa taki a tafiya ɗaya, amma kuɗinsa da na kwastan ba nawa ba ne. Ina da tsohon keken ɗaukar kaya a ajiye, injinsa na tashi, bodin ne ya ruɓe. Tunanina in ɗora masa duro mai lita 200 a baya da famfo mai batir, a gaba kuma a yi mazubin taki. Zai yiwu kuwa ko asarar kuɗi zan yi?

Baban_Walda:
Wa'alaikumussalam oga. Zai yiwu, mu nan Panteka mun haɗa abin da ya fi wannan wuya, amma bari in faɗa maka inda za ka sha wahala tun yanzu. Lita 200 na ruwa kilo 200 ne cif, ka haɗa da buhun taki kilo 50 da kai kanka da ƙarfen da za mu ƙara, duk a kan siraran tayoyin keke, in fili na da danshi layi uku za ka bari a bayanka kamar garma ta wuce. Dole a sa masa faffaɗan taya a baya a rage iska. Duron kuma kar a tsayar da shi, a kwantar da shi ƙasa-ƙasa daidai kan gatarin baya a ɗaure da bel biyu, domin in ruwa ya koma rabi yana tambal-tambal a ciki, kana shan kwana zai jefa ka gefe, keke mai ƙafa uku kuma ka san halinsa.

Duron roba shuɗin nan za ka nema, wanda ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Mazubin taki ma roba, ko rabin duro ne a yanka, saboda taki cin ƙarfe yake kamar gara da itace, damina ɗaya ya isa ya huda falankin ƙarfe. Faifan da zai watsa a yi shi da sitenles, a sa masa motar fankar lagireto ta mota, ita ce mai gudu. Motar waifa ba ta da saurin watsa taki, amma tana da ƙarfi, ita za a sa ta riƙa motsa takin a cikin mazubi kar ya toshe. Ka duba birkin nan da kyau kafin komai.

Dan_Samaru:
Malam duk abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, amma ni ina ganin babbar matsalarka ba walda ba ce, gudu ne. Abin da ya sa yaranka ke ɓata maka fili shi ne tafiyarsu ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe, to in ka hau keke kana murɗa totur da hannu, nan ka ƙara nan ka rage, ciwon nan dai za ka maimaita sai dai yanzu da sauri. Famfo ba ya sanin ka rage gudu, abin da yake zubawa a minti shi zai ci gaba da zubawa.

Bari in ba ka lissafin da shi ne ginshiƙin aikin. Ka yi sandar feshi mai mita 2 a baya, nozil huɗu irin masu baza ruwa kamar mafici, masu digiri 110, tsakanin kowane biyu santimita 50, tsayinsu daga ciyawa shi ma kusan santimita 50 don feshin wannan ya haɗe da na wancan. Launin nozil ba ado ba ne, a matsin bar 3 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) nozil mai launin ruwan ɗorawa na ba da kusan lita 0.8 a minti, shuɗi 1.2, ja 1.6. Lita a hekta ita ce 600 sau abin da nozil ɗaya ke bayarwa a minti, a raba da gudunka na kilomita a awa sau tazarar nozil a mita. In ka sa shuɗi kana tafiyar kilomita 6 a awa, lita 240 ke nan a hekta. Cikakken filin ƙwallo mita 105 ne da 68, wato hekta 0.7 da ɗan ɗoriya, kusan lita 170 zai sha, ka ga duro ɗaya ya gama maka fili. Amma da ka sauko kilomita 4 a awa ka koma lita 360 a hekta, maganin ya ƙaru da rabi ba tare da ka taɓa komai ba.

Saboda haka a yi wa totur ɗin makulli, ɗan kusa da zai tsayar da shi wuri ɗaya, ka zauna a giya ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne, kilomita 6 a awa shi ne mita 100 a daƙiƙa 60 daidai, ka auna a kan ciyawar da duro cike, ba a kan kwalta ba. Sannan ka tara kofin awo a ƙarƙashin kowane nozil na minti ɗaya da ruwa zalla, wanda ya bambanta da sauran ka canza shi. Famfon kuma kar ka sayi mai ba da lita 5 a minti don nozil huɗu na cin 4.8, ka nemi mai lita 10 ko sama, ragowar ta koma cikin duro ta riƙa gauraya maganin. Ka sa geji mai nuna matsin ruwa inda idonka ke gani, da filta kafin famfo, da fiyus. Batir daban za ka ɗora, cajin keke ba zai riƙe famfo da motar fanka da ta waifa ba.

Ni da a ce babu keken a hannunka, da injin markaɗe mai doki 6.5 zan ce a gina a kai da sarƙa da sifoket, saboda yana da gwamna mai riƙe gudu da kansa.

Baban_Walda:
Injiniya ka yi gaskiya kan gwamna, amma injin markaɗe ba ribas ba difaranshal mai raba juyi ga tayoyin baya, duk sai an nemo an haɗa, kuɗin zai ninka. Keken kaya da ribas ɗinsa yake zuwa. A fara da abin da ke hannu. Abin da zan ƙara, injin keke iska ke sanyaya shi, tafiyar giya ɗaya na awa guda a ranar Maris zai yi zafi, mu ɗaura masa ƙaramar fanka.

Maman_Fulawa:
Sannunku da ƙoƙari. Ni shuke-shuke nake sayarwa a Abuja, ta ɓangaren magani zan yi magana don na taɓa ganin asara da idona, wani mai feshi ya yi wa maƙwabcinmu aiki da maganin ciyawa 2,4-D rana tsaka ana iska, washegari duk furannina na gefen katanga ganyensu ya murɗe. Mai goyo ɗaya ke nan fa, ina ga nozil huɗu. Don Allah da sassafe za ka riƙa yi kafin iska ta tashi, lokacin hunturu ma in ana busawa a haƙura, kuma a sa famfon kashewa a nozil na gefe don bakin fulawa.

Sannan kar maganin kashe ciyawa glyphosate ya taɓa shiga duron nan, shi ba ya bambance kirikirin da ka shuka da ciyawar banza, ɗan ragowa a tiyo ya isa ya yi maka layi a fili. A bar masa injin goyonsa daban a rubuta a jiki. Kuma filin makaranta ne, yara na birgima a kai, ka yi ranar Asabar ka bi kwanakin jira da aka rubuta a jikin robar maganin. Safar hannu da takunkumi da takalmin roba ko da sandar a bayanka take.

Mai_Ciyawa_KD:
Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Hajiya na ji, glyphosate ba zai shiga ba in sha Allah. Yau da safe na ɗora jarkoki takwas masu lita 25 a keken na auna mita 100 a filin, sau uku na yi a giya ɗaya, daƙiƙa 52, da 66, da 58, kuma a raina gani nake hannuna bai motsa ba, to Injiniya na yarda sai da makullin totur. Tayar baya ta bar shaida a wajen gola inda ruwa ke kwanciya. Baba zan turo keken ranar Litinin mu fara da taya da birki. Tambayar da ta rage min ita ce ta taki, yaya zan gane faɗin da faifan ke watsawa don in san tazarar da zan bari tsakanin zuwa da dawowa?

Dan_Samaru:
Ka jera farantai masu zurfi iri ɗaya a layi, mita ɗaiɗai, ka bi ta tsakiyarsu sau uku, ka juye na kowane faranti a kwalba ka gani. Inda ya koma rabin na tsakiya nan ne iyakar faɗinka a kowane gefe, daga iyakar hagu zuwa ta dama ita ce tazarar da za ka bari. Ka yi na yuriya daban na NPK daban, nauyin ƙwayarsu ba ɗaya ba ne.